Hunturu lokacin buɗe lambu ne, ba na rufe shi ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili domin in isar wa masu karatu wata hira da muka yi a makon jiya, wadda ta bar ni da wata buƙata da nake son miƙa wa wannan jarida.

Mu biyar ne muka zauna bayan sallar La'asar a ƙofar gidan wani dattijo maƙwabcina a unguwar Badariya da ke nan Birnin Kebbi, kuma abin da ya haɗa mu shi ne kowannenmu yana da ɗan lambu a bayan ɗaki ko a gefen tsakar gida. Babu manomin kasuwa a cikinmu. Ranar hazo ya sauka sosai, leɓuna sun fara tsagewa, don haka hirar ta fara daga sanyi ta gangara kan shuka. A nan ne ɗan ƙanena, wanda yake karatu a babbar makaranta, ya ba mu labari cikin alfahari cewa shi ya riga ya tuge komai a nasa lambun, ya lulluɓe ƙasar da leda, zai bar ta ta huta har sanyi ya wuce, domin haka ya ga masana suna koyarwa a bidiyon da yake kallo a waya. Dattijon nan, wanda ya shafe shekarunsa na aiki yana malamin gona, bai yi masa gardama ba. Sai ya nuna masa wani gawo da ke tsaye a filin da ke gabanmu, ya ce: “Ɗana, dubi wancan. Da damina, lokacin da kowane itace yake kore shar, shi tsirara yake; yanzu da kuka ta zubar da ganyenta, shi kuma ya yi sabon ganye. In itacen garinku bai bi kalandar Turawa ba, don me kai za ka bi ta?”

Masu bidiyon ba ƙarya suka yi ba, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A Ingila ko arewacin Amurka, idan Disamba ta kama, raɓa tana daskarewa a kan ganye, yini yana gajarta ƙwarai, rana ba ta da ƙarfi, saboda haka mai lambu ba shi da abin yi illa ya kare abin da ya rage ya jira. Mu kuwa sanyinmu na dare yakan sauka ne zuwa wajen digiri 15, da rana kuma a koma kusan 30, ga haske isasshe ko da akwai hazo. Wannan shi ne yanayin da tumatir da albasa da karas da kabeji da latas suka fi so a duk shekararmu. Tumatir, alal misali, yana buƙatar dare mai sanyi kafin furensa ya kama ya zama ɗa, kuma da zarar zafin rana ya haura digiri 35 sai furen ya riƙa kakkaɓewa. A Maris da Afrilu kuwa garin nan yakan wuce 40. Da damina kuma laima ce take jawo cututtukan ganye da ruɓewa. Wanda yake shakka ya leƙa fadamar gulbin Rima, ko ya bi hanyar Jega zuwa Aliero ya ga yadda ake dashen albasa a wannan lokaci na hunturu, ko ya tambayi maƙwabtanmu na Talata Mafara da ke shan ruwan madatsar Bakolori yaushe aikin lambu yake kankama.

Darasin da ya fi kama ni a bakin dattijon shi ne cewa mai lambu a ƙasarmu daga bazara yake fara lissafi, ya yi ta komowa baya. Tumatir yana yin mako 3 zuwa 4 a wurin reno, sannan bayan dashe ya ɗauki wata biyu zuwa biyu da rabi kafin a fara tsinka, don haka wanda ya zuba iri a ƙarshen Nuwamba zai ci a Fabrairu, wanda kuma ya yi nawa har tsakiyar Janairu, furensa da zafin Maris za su yi karo. Albasa ta fi haka jan lokaci, domin renonta kaɗai mako 6 ne zuwa 7, shi ya sa mutanen Aliero suke zuba iri tun ƙarshen damina. Ya ce wanda bai yi reno ba zuwa yanzu, gara ya sayi dashe a wurin masu lambun fadama. Karas ba ya son dashe, a inda zai zauna ake shuka shi, a ƙasa mai laushi marar tsakuwa, a kuma rage shi idan ya tsiro da cunkoso. Latas ne mafi sauƙi ga mai koyo, amma shi ma da ya ji zafi sai ya miƙe ya yi fure, ganyen ya koma ɗaci.

Ba kowace shuka ce take murna da hunturu ba, kuma a nan ne na tona wa kaina asiri aka yi mini dariya. Bara war haka na ga kuɓewata ta tsaya cik, alayyafo ya ƙi tashi, zogale kuma yana ta zubar da ganye, sai na ɗauka yunwa ce, na kwaso ɗanyen kashin kaji na zuba musu a gindi. Cikin kwana uku kuɓewar ta ƙone. Ashe sanyi ne kawai ya hana su sauri, domin su 'yan zafi ne, da zarar gari ya fara ɗumi za su farfaɗo. Takin kaji kuwa sai an tara shi an jiƙa, an bar shi makonni yana ruɓewa har zafinsa ya fita, kafin a kusantar da shi ga saiwa.

Inda muka fi daɗewa shi ne maganar ban ruwa, kuma har muka tashi ba a daidaita baki ɗaya ba. Wani abokinmu, ma'aikacin asibiti ne, ya dage cewa da yamma ya kamata a ba da ruwa, hujjarsa ita ce ruwan zai kwana a ƙasa ba tare da rana ta shanye shi ba. Dattijon ya ce wannan maganar bazara ce. A ganinsa, a hunturu ba rana ce babbar ɓarauniyar ruwa ba, iska ce, busasshiyar iskar nan da ke kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, wadda take tsananta da hantsi. Shukar da aka ba ruwa da safe tana shiga wannan iska da ƙoshinta, wadda kuma aka jiƙa wa ganye da magariba takan kwana da laima cikin sanyi, abin da ke buɗe wa cuta ƙofa. Ni dai na karkata ga dattijon, ko da yake na fahimci abokinmu, domin wanda zai fita aiki da sassafe, ga ruwan randa kamar ƙanƙara, ba ƙaramin jarumi ne zai tsaya ban ruwa ba. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne a zuba ruwan a gindi, a zuba shi sosai ya ratsa ƙasa maimakon yayyafi kullum, kuma a tsaya a kan ƙa'ida ɗaya, domin tumatirin da ake bari ya bushe yau gobe a cika shi da ruwa shi ne yake tsagewa ko gindin ɗansa ya yi baƙi. Sai kuma abubuwa biyu da ba su cin kuɗi. Na farko a kafa zana ko dannin karan dawa ta ɓangaren da iska take fitowa. Na biyu a rufe fangali da ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa domin ƙasa ta riƙe danshi. Abin takaici ne a ce a jihar da ta yi suna da shinkafa, ana ƙona tulin ɓuntu a bayan injinan casa, alhali lambunan gidajenmu suna tsagewa don ƙishi.

Muna cikin wannan musu sai mahaifiyar ɗaya daga cikinmu, wadda take zaune a zaure tana jin mu, ta sa baki. Ta ce: “Ku 'ya'yan nan, kuna ta maganar ruwa kamar famfo yana zuwa kullum.” Ita, in ji ta, ba ta taɓa sayen ko jarka ɗaya daga 'yan garuwa saboda shuka ba. A gindin na'ana'a da ɗoɗɗoya take alwala, ruwan wankin shinkafa da na ganye yana tafiya ga barkono, na wanki mai garin sabulu ne kaɗai ba ta yarda ya kusanci abin da za a ci ba. Ba ta da fili, a tsofaffin buhuna da fasassun bokitai take shuka, ta cakuɗa ƙasa da ruɓaɓɓen takin awaki, ta huda ƙasan buhun don ruwa ya tsiyaye. Da aka tambaye ta wace cuta ce ta fi damunta, sai ta ce kaji da ƙadangaru, kuma maganinsu tsohon gidan sauro ne da take rufa wa dashe har ya yi ƙwari. Na faɗi wannan ne domin yawancin lambunan gida a garuruwanmu a hannun mata suke, amma da wuya ka ji an nemi ra'ayinsu a rediyo ko a jarida.

Game da ƙwari, shawarar dattijon ita ce a riƙa juya ganye ana duba bayansa, domin can ne farin ƙuda da ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwan shuka suke ɓuya, kuma ƙura da bushewa suna ƙara musu yawa, shi ya sa yana da kyau a ɗauraye ganyen da safe lokaci zuwa lokaci. Maganinsa 'ya'yan dogon yaro ne: a daka kimanin giram 50 ga kowace lita ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace, a ɗiga ɗan sabulu, a fesa da yamma, a maimaita bayan mako guda. Ya tuna mana da shekarar 2016, lokacin da tsutsar nan mai shiga cikin ganye, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ta cinye gonakin tumatir a Arewa har farashinsa ya gagari talaka, ya ce a lambun gida ganyen da aka ga ta yi wa farin zane a tsinke shi a ƙona nan take. Ya kuma ja kunnenmu da kakkausar murya a kan masu fesa fiya-fiya a kan latas da kabeji, abincin da ake ci ɗanye, yara kuma suna tsinka ba tare da sun tambayi kowa ba.

Masu mangwaro a gida su ma an ba su nasu: kada a yi masa sassabe yanzu, domin sanyi da bushewar nan ne suke sa shi fure, wanda ya sare rassa a Disamba 'ya'yan Afrilu ya sare.

Akwai wata tambaya da abokinmu na asibiti ya yi wadda ba zan ɓoye ta ba, domin tana da nauyi. Ya ce mene ne amfanin wannan wahala, tunda daidai lokacin da tumatirin gida zai nuna shi ne lokacin da na fadama yake cika kasuwa har ana neman mai saye? Gaskiya ce, kuma duk wanda ya ce fangali uku a bayan ɗaki za su yi gasa da Aliero wajen arahar albasa yana yaudarar kansa. Amma ina ganin amsar tana cikin zaɓen abin da za a shuka. Albasar gida don lawashi ake yin ta, a yanka a sa a miya, abin da ya ragu a yi gabu. Latas da na'ana'a da ɗoɗɗoya abubuwa ne da suke yaushi kafin su iso daga kasuwa, kuma mai su ya san da ruwan da aka shayar da su. Rarar tumatir kuwa, babu lokacin da ya fi wannan daɗin shanya, domin iskar da take busar da lambun ita ce take busar da yankakken tumatir cikin 'yan kwanaki ba tare da ya yi fumfuna ba, a ajiye shi har zuwa Yuni da Yuli, lokacin da ɗanye yake zama abin kallo.

Buƙatata, ya Edita, ita ce wannan jarida ta ware ɗan gurbi, ko da rabin shafi ne a mako, domin masu lambun gida, a riƙa rubuta shi da Hausa bisa lissafin damina da kaka da hunturu da bazara, a faɗa wa mai karatu abin da ya kamata ya shuka a wannan makon da abin da lokacinsa ya wuce. A nemi tsofaffin malaman gona da suka yi ritaya, a tura wakilai mata su shiga gidaje su ji ta bakin iyayenmu, a kuma bar masu karatu daga Zuru da Yawuri da Argungu da Gusau su aiko da abin da suka gwada, domin ruwan saman Zuru ya fi na Birnin Kebbi yawa da daɗewa, lissafinsu ba zai zo daidai da namu ba. Ɗan ƙanena dai ya yaye ledarsa washegari, dattijon kuma ya ba shi dashen tumatir 20 da na latas daga nasa renon, da sharaɗin ya kafa zana kafin ya dasa su.

Wassalam.

Naka,
Wani mai lambun bayan ɗaki,
Badariya, Birnin Kebbi.