A bar tsofaffin bindigogin Suwizalan da tabonsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana a kan tsofaffin bindigogin sojan ƙasar Suwizalan da masu tara kayan tarihi ke saya su adana, musamman nan Amurka inda nake zaune. Na san halin da ake ciki a gida, kalmar bindiga kaɗai tana tayar wa mutane hankali, don haka tun farko in faɗa, ba ina kiran kowa ya nemi makami ba ne, dokar Najeriya ta hana riƙe bindiga ba tare da lasisi ba kuma ina goyon bayan hakan. Maganar tarihi nake yi da yadda ake riƙon tsohon abu.

Wadda aka fi sani ita ce K31. Jikar wata ce da ake kira Schmidt-Rubin ta 1889, wadda Rudolf Schmidt ya tsara ƙirarta, Eduard Rubin kuma ya tsara harsashinta. Ita K31 ɗin an fara raba wa sojoji a 1933, masana'antar makamai ta gwamnati da ke Bern ta ci gaba da ƙera ta har 1958, sama da guda dubu 500, sannan aka sauya ta da wata bindigar mai suna Sturmgewehr 57. Sakatarta, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu, ba a murɗawa kamar ta sauran bindigogin zamanin, ja kawai ake yi baya a tura gaba, kuma harsashi 6 take ɗauka.

Toh abin da ya sa mutane ke sonta shi ne, Suwizalan ba ta shiga yaƙin duniya ba, na farko da na biyun duka, bindigogin nan atisaye da gadin iyaka kawai suka yi, kuma sojan can da bindigarsa yake komawa gida ya ajiye, shi ke kula da ita shekara da shekaru, ana kuma duba ta, ga shi ba mai suke zuba mata ba wani giris ne na musamman suke shafawa har cikin bututun, harsashinsu GP11 kuma ba ya cin ƙarfe. Shi ya sa za ka ɗauki wadda ta haura shekara 80 ka leƙa cikin bututun ka ga yana ƙyalli.

Amma katakon fa, musamman gindin, duk ya sha duka, ya yi baƙi ya farfashe saboda ƙanƙara da takalman sojoji masu ƙusa. Nan ne ake ɓarnar da ta sa na ɗauki alƙalami. Mutum zai saya, ya ga katako ya tsufa, sai ya ɗauko samfefa ya goge tas ya shafa fenti mai sheƙi, wani ma ya yanke katakon ya huda ƙarfen ya ɗora madubin hange wai ya mayar da ita ta farauta. Wallahi abin yana min ciwo. Hatimin da masu dubawa suka buga a jikin katakon ya tafi kenan har abada, darajarta a wajen masu sani ta faɗi, kuma ba a ƙera wata sabuwa balle a ce a maye gurbi.

Gyaran da take buƙata kaɗan ne. A goge datti da tsumma, a shafa giris kaɗan a ƙarfen, a ajiye inda babu laima, a kulle nesa da yara. Lambar da ke jikin sakata da gidan harsashi da gangar jikin a tabbatar iri ɗaya ce, kar a yi musanya da na wata. In akwai harafin P a jiki a bar shi, alama ce sojan ya gama aiki aka mallaka masa ita.

Sai kuma takardar nan, wadda ni ita ce ta ja ni cikin harkar. In ka kwance noti biyu ka cire ƙarfen da ke gindin bindigar, sau da yawa za ka tarar da 'yar ƙaramar takarda, an rubuta sunan sojan da aka ba wa, shekarar haihuwarsa, rundunarsa da garinsu. Ka ga mutum ne kamar ni da kai, ƙila manomi ko makiyayi a kan duwatsun Alps, da iyali suna jiransa. Akwai masu tarawa da suka rubuta wasiƙa zuwa adireshin har 'ya'ya ko jikoki suka ba su amsa. Wasu kuma sai su cire takardar su jefa a durowa ta ɓace, ko su ɗora hotonta a intanet da cikakken suna da adireshi ba tare da tunanin iyalan ba. Ni shawarata a karanta, a kwafa a littafi, a mayar da ita inda aka same ta a ɗaure notin.

Ina roƙon masu tsofaffin takubba da bindigogin toka na kakanni a gida su ma su yi hattara da samfefa da fenti, in ba za a iya riƙewa ba a tuntuɓi gidan tarihi kamar Gidan Makama a Kano kafin a taɓa komai.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai karatunku,
daga Amurka