Wasiƙar godiya ga Baba mai garejin Fijo na Wudil da yaransa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, na san ba za ka so wannan wasiƙa ba. Ranar da na zo ɗaukar mota na ce maka sai na faɗa wa duniya abin da kuka yi mini, ka girgiza kai ka ce aikin da aka biya kuɗinsa ba ya bukatar shela. To, na bi maganarka rabi. Ban sa sunanka ba, ban sa na yaranka ba. Amma duk wanda ya taɓa riƙe Fijo tsakanin Wudil da Gaya ya san garejin da ke ƙarƙashin darbejiyoyin nan in an fita gari, kuma yaba kyauta tukuici ne. Ka yi haƙuri da ni.

Motar, Fijo 504, ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Ya saye ta hannun wani Bature da zai koma gida, lokacin yana aiki a masaƙa a Kaduna, da ya yi ritaya kuma ya taho da ita ƙauye. Da ya rasu a 2004 aka tura ta ƙarƙashin rumfa a bayan gida, ta yi shekara 19 a nan. Tayoyi suka nutse a ƙasa, ɓeraye suka cinye wayoyi, kaji suka mayar da kujerar baya akurki. Kwanon rumfar yana yoyo, duk damina ruwa na zuba ta gefen mai zaman banza. Sau biyu 'yan gwangwan suna zuwa su taya ta a kilo. Na biyun ne ya tayar mini da hankali, na roƙi 'yan uwana su bar mini ita, suka bar mini.

Kafin in zo wurinka na kai hotunanta wani babban gareji a birni. Ko minti biyar ba a yi ba aka yanke mata hukunci: a cire inji a zubar, a yanka ƙarfen gaba, a dasa injin wata motar Japan, a shafe ramuka da fila a fesa fenti. Na fito jikina a sanyaye. Wani direban tasha ne ya ce mini in nemi tsohon nan na Wudil, ya ce in akwai mai jin yaren Fijo a ƙasar nan to kai ne.

Ban manta ranar da ka zo ƙauyenmu a bayan babur ɗin ɗanka ba. Ka zagaya ta sau uku ba ka ce uffan ba. Ka durƙusa ka leƙa ƙasanta, ka ƙwanƙwasa gefen ƙofa da bayan sifana kana saurare. Sannan ka miƙe ka ce, "Malam, wannan ba ta Kaduna ba ce. Shekara 40 ina kwance 504, irin wannan sau ɗaya na taɓa gani."

Gaskiya ka faɗa. Fijo da muka taso da ita, wadda kamfanin Peugeot ya fara haɗawa a Kaduna a 1975, mai ƙofa huɗu ce, ko doguwar nan ta haya, ko a-kori-kura. Ta mahaifina ƙofa biyu gare ta, ƙirar 1972. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, shi ne kuma ya ƙera shi a Turin, aka fara nuna irinta a 1969 aka daina yi a 1983. Tsakanin tayar gaba da ta baya ta fi mai ƙofa huɗu gajarta da santimita 19. Fitilu huɗu a gaba, uku-uku a karkace a baya. 'Yar uwarta mai silinda shida ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1978 a hannun Jean-Pierre Nicolas. Duk wannan daga baya na karanta. Kai kuwa da ido ka gane abin da ya fi muhimmanci, ka ce ciki ɗaya suke da ta Kaduna amma riga daban, babu ƙofa ko bonet ko gilashin da zai shiga daga waccan zuwa wannan. Saboda haka kayan ciki za a samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, na jiki kuwa wanda ya lalace sai dai a ƙera shi da hannu.

A kan wannan maganar kuka yi wata 14 kuna aiki.

Injin ya kafe, ko motsi ba ya yi. Ni da na zaci za a sa dogon ƙarfe a murɗa da ƙarfi, sai na ga ka cire fulogai ka zuba baƙin mai da kananzir ta ramukan, ka rufe da tsumma ka ce a bar shi. Mako uku kullum da safe ka ɗan taɓa shi kaɗan ka ƙyale. Ran nan ya juya da kansa kamar wanda aka tasa daga barci. Da aka ɗaga kan silinda, kafin kowa ya sa hannu ka sa aka danne silif ɗin nan huɗu da washa da noti, ka yi mini bayani cewa a injin Fijo silif a cikin ruwa yake zaune, ana cire shi ana mayarwa, in ya motsa daga mazauninsa ruwa zai gangara ya haɗu da baƙin mai. Ɗanka ya yi sawu huɗu zuwa Ƙofar Ruwa kafin ya samo silif da ringin da ka yarda da su. Biyu ka mayar, ka ce sabon kwali ne da tsohon kaya a ciki.

Inda na fi jinjina maka shi ne famfon mai. Motar ba ta da kafireto. Wani famfo ne na Jamus, Kugelfischer, irin wanda aka sa wa BMW 2002 tii, yake tura fetur da ƙarfi zuwa nozul huɗu, ba kwamfuta ba waya, ƙarfe ne zalla yake auna mai gwargwadon gudun inji da yadda aka taka totur. Tsohon fetur ya daskare a cikinsa kamar ƙaro. Duk wanda ya leƙo garejin sai ya ce a cire wannan bala'i a ɗaura kafireton mai ƙofa huɗu a huta, ga shi nan birjik a kasuwa. Ni kaina na fara karkata, don kuɗi sun fara yi mini nauyi. Ka ce a'a. Ka ce wannan famfon ɗan uwan na dizal ne, ka aika aka kira maka abokinka mai gyaran nozul na taraktoci da manyan motoci. Ku biyu kuka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, kuka hana yara wucewa don ƙura, kuka jiƙa shi kuka wanke kwana da kwanaki. Ya gwada nozul ɗaya bayan ɗaya a na'urarsa ta hannu har kowanne ya riƙa fesa mai kamar hazo. Akwai wasu ƙusoshin saiti da kamfani ya ɗaure, wani yaro ya kai sukudireba, ka riƙe hannunsa ka ce, "Abin da ba ka san yadda aka ɗaure shi ba, kada ka kwance." Wannan famfon shi ne ran motar, kuma ba don kai ba da yanzu yana cikin tulin gwangwan.

Dole in faɗi abin da ya faru bayan an tayar da ita karon farko, don shi ne ya sa na san da wa nake hulɗa. Ta tashi, muka yi murna, na koma gida. Bayan kwana biyu ka kira ni ka ce, "Malam, baƙin mai ya yi fari. Ruwa ya shiga. Kuskurenmu ne, silif ɗaya bai zauna daidai ba." Ba ni nan, ban gani ba, da ka canza mai ka yi shiru ba zan sani ba sai na yi nisa a hanya. Kuka sake sauke injin gaba ɗaya, ka sayi sabon gaskit da kuɗinka, na yi na yi ka karɓa ka ƙi.

Mai gyaran bodi, wanda kuke kira ƙaninka ko da yake ba ciki ɗaya kuka fito ba, shi ma a gaishe shi. Daɓen gefen da ruwa ya yi shekaru yana zuba ya ruɓe har ana hango ƙasa. Ya yanke ruɓaɓɓen, ya auna da kwali, ya yanko falle ya yi ta bugu a kan gungume har ya fito da layukan da ke ɗaya gefen, ya yi walda ya shafe da maganin tsatsa ciki da waje. Fila kaɗan ya sa, inda guduma ta kasa. Gilashin gaba kuwa, da yake in ya fashe babu inda za a samo shi a nan kusa, mutum huɗu ka sa suka cire shi, aka naɗe shi da bargo, ka kai shi ɗakin kwananka ya yi wata tara a bayan gado. Matarka, Hajiya, ita ta gaya mini haka ranar da na je gaishe ta, ta ce har jikoki an hana shiga ɗakin.

Mun yi saɓani sau ɗaya. Na zo da sha'awar faffaɗan rim da salansa mai ƙara irin ta samari. Ka saurare ni har na gama, ka ce motata ce, in na dage za ka sa, amma ka fi son a kashe kuɗin inda zai tsare rai da inji. Na bi shawararka, kuma yau na ga amfaninta. Aka saƙa wa lagireto sabon ciki mai ƙarin layi saboda zafin bazararmu, wanda ba shi aka yi wa lissafi a Faransa ba. Fankar asali, mai kamawa da maganaɗisu in inji ya yi zafi, ka gyara ta, ka ƙara ta lantarki a gaba don cunkoson ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil. Birkinta faifai ne a duka ƙafa huɗu, aka sake robobi da tiyo gaba ɗaya. Aka cire kontak aka sa na zamani wanda ba ya cinyewa, mai wayarin ya sake wayoyin da ɓeraye suka ci ya sa wa fitilu rile, aka ƙara matatar mai ta biyu saboda fetur ɗin bakin hanya. Abin da ya burge ni, ba ku huda sabon rami ko ɗaya a jikinta ba. Duk abin da aka cire na asali kuka zuba a buhu, ɗanka ya rubuta sunan kowanne a takarda, ka ce wata rana wani zai so mayar da ita yadda ta fito.

Mutane sun yi magana, ban ɓoye maka ba. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, daidai lokacin da muka fara, wasu suka ce malamin makaranta da gona biyu me zai yi da motar da ba ta ɗaukar buhu ba ta ɗaukar fasinja. Ban ga laifinsu ba. Amma a garinmu akwai mai kiwon doki, yana ba shi dawa da harawa shekara guda don hawan sallah na kwana biyu, ba wanda ya ce ya yi wauta. Ni wannan ce dokina. Ban ci bashi ba, ban tauye iyalina ba, abin da ya ragu bayan girbi da ɗan abin da nake tarawa shi nake kawowa, kai kuma ba ka taɓa matsa mini ba. In kuɗi sun yanke sai ka rufe ta da tamfol ka ce, "Ta jira shekara 19, wata ɗaya ba zai gagare ta ba."

Ka kuma koya mini, wanda ba ya cikin ciniki. Duk Asabar in na zo sai ka ba ni tsohuwar riga ka ce in matso. A hannunka na koyi saita bawul da sassafe inji na sanyi, 0.10 na milimita a na shiga, 0.25 a na fita, da yadda ake jin ma'aunin yana ɗan ja kaɗan in ya yi daidai. Ka koya mini karanta launin fulogi, da duba mai da ruwa kafin a murɗa makulli, da wanke matatar iska sau da yawa in hunturu ya shigo da ƙura. Ina da shekara 52, yaranka na kirana Malam, amma ƙaraminsu ya sha gyara mini riƙon sifana, cikin ladabi.

Wannan ƙaramin ne ya tsinci carbin mahaifina a ƙarƙashin kujerar direba, da wani ɗan littafi da yake rubuta ranar da ya canza mai. Ya goge su ya ajiye a aljihunka har na zo. Ranar kammala lissafi kuma ɗanka ya buɗe littafinku, komai a rubuce har kuɗin motar zuwa Kano, ka ƙirgo naira dubu 18 ka ce ragowata ce. Ni ban ma san da ita ba.

Da na shiga ƙauye da ita bayan la'asar, yara suka biyo ni da gudu. Inna tana cikin gida, idonta ya yi rauni yanzu, ba ta fita sosai. Ƙanwata ta ce tun ina bakin masallaci Inna ta ɗaga kai ta ce, "Wannan kukan motar Malam ne." Aka riƙo ta har ƙofar gida, ta shafa ƙofar motar, ta shiga ta zauna a gefen da aka sake wa daɓe, inda take zama da. Na kai ta har bakin gonar mahaifina muka dawo a hankali. Ba ta yi magana a hanya ba, carbin nan ne a hannunta. Da za ta sauka ta ce in gaya wa wanda ya yi wannan aiki ta gode, kuma tana sa shi a addu'a. Saƙonta ke nan na isar.

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya yi wa yaranka albarka, ya sa su gaji hannunka da amanarka. A gaida Hajiya, da mai nozul, da mai bodi, da mai wayarin.

Ta kusa cika kilomita 1,000 da ka ce, don haka ina nan tafe Asabar ta sama a sake ɗaure kan silinda a canza mai. Akwai ɗan ƙara da nake ji a ƙafar baya ta hagu in na hau gargada, zan so ka saurara. Buhun geron da na aiko da direban tasha na gidanka ne, don Allah kada ka mayar mini da shi kamar na wancan karon.

Wassalam.

Ɗanka,
malamin makaranta daga ƙasar Gaya