Rahoton Ayyukan Shekara Daga Sakatare Zuwa ga 'Yan Ƙungiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaba, manyan yayyenmu da ke gab da kammala karatu, da ƙannenmu da suka iso birnin Pune na Indiya a bana, ga bayanin abin da ƙungiya ta yi a shekarar karatu da ta ƙare. Lissafin kuɗi ma'aji zai karanta shi daban, don haka ba zan shiga gonarsa ba.

Ayyukan da muka saba sun gudana lafiya. Mun tarbi sababbin ɗalibai, mun taya su neman masauki, mun kuma raka su wajen rajistar baƙi, wadda doka ta ce mai bizar karatu ta fiye da kwana 180 ya yi ta cikin kwana 14 da shigowarsa Indiya. Bana ba wanda ya makara, alhamdu lillahi. An yi buɗa-baki tare cikin azumi, an yi zumuncin sallah ƙarama da babba, an duba marasa lafiya. Godiya ta musamman ga 'yan uwanmu mata da suka ɗauki nauyin girki, domin tuwon shinkafa da miyar kuka a tsakiyar jihar Maharashtra ba ƙaramin abu ba ne.

Babban aikin shekara shi ne ziyarar ilimi zuwa kogwannin Ellora, tsofaffin wuraren bauta da aka sassaƙa a jikin dutse, sai ta tsibirin Elephanta da ta biyo baya. A kansu zan daɗe, don su suka fi cin kuɗi, su kuma suka fi jawo magana.

Kowa ya tuna zaman da aka yi kafin tafiya. Wasu sun ce ba su ga dalilin da Musulmi zai biya kuɗi ya je kallon gumaka ba. Wasu suka ce aikin hannu da tarihi za a gani, kuma yawancin wuraren suna hannun hukumar adana kayan tarihi ta Indiya, da tikiti ake shiga. Ba a kai ga matsaya ɗaya ba, kuma kwamiti bai tilasta ba. Abin da aka tsayar shi ne: mai so ya je, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya zauna, kada ɗaya ya goranta wa ɗaya. Masu tafiya kuma aka ɗora musu sharaɗi: ba taɓa sassaƙa, ba hawa kanta don ɗaukar hoto, ba ba'a ga abin da wasu ke girmamawa. A ganina wannan matsaya ta yi daidai, kuma ina shaida an kiyaye ta.

Sai kuskurenmu, wanda ni ne kan gaba wajen ɗaukarsa. Mun tashi daga Pune da daren Litinin, tafiyar sama da kilomita 200, muka kwana a Aurangabad (sunanta a hukumance yanzu Chhatrapati Sambhajinagar, amma direbobi da tsohon sunan suke kira). Da safe ne muka ji cewa Ellora a rufe take kowace Talata. Ba wanda ya bincika a cikinmu. Ya jawo mana ƙarin kuɗin kwana ɗaya, za ku gan shi a lissafin ma'aji. Ina neman afuwa.

Amma wani hanin ga Allah baiwa ne. Ranar da ta zama fanko muka kai ta Daulatabad da Khuldabad, duk a kan hanyar Ellora suke. Daulatabad ita ce ganuwar kan dutse da Sarki Muhammad bin Tughluq ya mayar da fadarsa can daga Delhi a 1327. Shahararren matafiyin nan Ibn Battuta ya taka wurin, shi ne kuma ya je Takedda da ke ƙasar Nijar ta yau a 1353. 'Yan uwanmu na Nijar sun yi ta nanata wannan har muka gaji. A Khuldabad muka ga kabarin Aurangzeb, sarkin daular Mughal da ya rasu a 1707, kabari ne sassauƙa ba ƙubba a kansa. Nan kusa kuma kabarin Malik Ambar yake, mutumin Habasha da aka sayar bawa, ya zama jagoran yaƙi a wannan yanki da ake kira Dekan, shi ne ma ya kafa garin da ya zama Aurangabad a 1610. Da yawanmu ranar muka fara jin sunansa.

Laraba muka shiga Ellora, kimanin kilomita 30 daga Aurangabad. Kogwanni 34 ne a jere jikin tsauni guda: na 1 zuwa 12 na mabiya Buddha, 13 zuwa 29 na Hindu, 30 zuwa 34 na mabiya addinin Jain. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1983. Ba za a iya gama su a wuni ɗaya da natsuwa ba, mu ma ba mu gwada ba. Rabin wuninmu a kogo na 16 ya ƙare, wanda ake kira Kailasa.

Kiran sa kogo ma bai dace ba. Gini ne cikakke mai hawa biyu, tsayinsa ya kai mita 30, da farfajiya da ginshiƙai da gadoji, amma ba a ɗora dutse kan dutse ba. Daga saman tsauni aka fara, aka yanka ramuka masu zurfi ta gefe uku aka bar ƙaton dutse a tsakiya, sannan aka yi ta sassaƙa shi daga sama zuwa ƙasa. Rufin aka fara gamawa, tushe ya zo ƙarshe. Ana danganta aikin da Sarki Krishna na Ɗaya na daular Rashtrakuta a ƙarni na 8, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne an kwashe dutse kusan tan 200,000, da guduma da ƙarfen sassaƙa. 'Yan sashen injiniya da zanen gine-gine suka tsaya suna gardama kan abu guda: a ginin bulo, in ka yi kuskure ka rushe ka sake, a nan duk abin da ka sare ya tafi ke nan. To ta yaya aka riƙe tsari ɗaya tsawon shekaru, da hannaye masu yawa, ba tare da rufi ya kauce wa ginshiƙi ba? Ɗan jagoranmu ya ba da amsa, ba su gamsu ba, kuma gardamar ta biyo mu har cikin mota.

A ƙasan ginin akwai jerin giwaye da aka sassaƙa kamar su ke ɗauke da shi a bayansu. A gefe guda akwai hoton Ravana, wani sarkin aljanu a labaran Hindu, yana girgiza dutsen da Shiva, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, ke zaune a kai, labarin da Hindu suka sani tun suna yara. Har yanzu ana ganin ragowar farin yaɓe a wasu lunguna. Shawarata ga masu zuwa gaba: ku bi hanyar da ta hau tsauni ta bayan ginin ku leƙo shi daga sama, nan ne kawai mutum ke fahimtar yadda aka haƙo shi. Akwai wurin bauta na Grishneshwar kusa da kogwannin, inda ake ibada har yau. Wannan ba ya cikin shirinmu, ba mu shiga ba. Azahar da la'asar kuwa a Khuldabad muka yi su.

Tafiyar Elephanta ta fi sauƙi, mutane kuma ba su kai na farko ba. Wannan karon mun bincika tukuna: Litinin take rufewa. Jirgin fito ake hawa daga Gateway of India a Mumbai, kimanin awa ɗaya a kan ruwa, sai matakala wajen 120 da masu sayar da tsaraba suka cika gefe da gefe. Mutanen wurin Gharapuri suke ce wa tsibirin. Turawan Fotugal ne suka raɗa masa Elephanta saboda giwar dutse da suka tarar, wadda yanzu take a wani lambu a Byculla cikin Mumbai. Babban abin gani shi ne sassaƙar Shiva mai fuska uku, tsayinta kusan mita 6, can cikin duhun kogo. Da yawa daga sassaƙar da ke kewaye da ita sun karye. UNESCO ta sa wurin a jerinta a 1987. Birai kuwa sun ƙwace mana ledar abinci guda, mai ita ya san kansa.

Abu ɗaya da ya ci mana kasafi a wurare biyun: tikitin baƙo ya ninka na ɗan ƙasa fiye da sau goma, kuma mu baƙi ne ko da shekara nawa muka yi a nan. Kwamiti mai zuwa ya lissafa da wannan tun farko.

Abin da ba mu yi ba shi ne taron da muka yi alkawari, inda waɗanda suka je za su nuna hotuna su yi bayani ga waɗanda ba su je ba. Jarrabawa ta cinye lokacin. An kuma kawo shawarar zuwa Mahabalipuram a Tamil Nadu, kimanin kilomita 60 kudu da Chennai, inda sarakunan Pallava suka bar sassaƙa tun ƙarni na 7. Tafiya ce mai nisa, kuɗinta zai fi na bana, kuma in za a yi ta sai a lokacin sanyi, bayan damina ta ɗauke. Na ga ya fi kyau a bar wa sabon kwamiti ya duba, a kuma sake jin ta bakin waɗanda suka ƙi zuwa a bana kafin a taɓa kuɗin asusu.

Za a yi zaɓen sababbin shugabanni a zama na gaba. Mai bashin kuɗin wata ya ga ma'aji kafin ranar.

Wassalam,
Sakatare