Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Karatu da Kafa Sikanar Aron Littattafai

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban ƙungiya, iyayenmu malamai, shugaban makaranta, da 'yan uwa tsofaffin ɗalibai.

A taron da ya gabata kun ɗora wa wannan kwamiti aiki biyu: ya gyara ɗakin karatun makarantarmu, ya kuma samo hanyar da za a riƙa sanin littafin da ya fita da hannun da yake ciki. Da yardar Allah an gama duka biyun. Bayanin kuɗi yana wurin ma'aji tare da rasitai, shi zai karanta muku da kansa. Namu bayanin na aikin ne.

Mun tarar da rufin yana yoyo ta kusurwar gabas, silin ya jiƙe ya ruɓe, gara kuma ta cinye ƙafafun kantocin katako har ta hau littattafan layin ƙasa. An sauya kwanukan da suka huje, an yi sabon silin, an zuba maganin gara kafin a sake daɓe, sannan aka yi filasta da fenti. Kantocin katako mun fitar da su, mai walda ya ƙera na ƙarfe masu dogayen ƙafafu, aka janye su kaɗan daga bango don iska ta riƙa ratsawa. Tagogi sun samu gilashi da raga saboda ƙurar hunturu. Mai gyaran wuta ya ja sabuwar waya zuwa teburin mai kula da ɗaki, aka haɗa ta da ƙaramin sola da batir, domin in wuta ta ɗauke kada ba da aro ya tsaya.

Ginin bai ba mu wahala ba, aiki ne da masu sana'ar suka saba. Inda muka daɗe shi ne teburin nan.

Abin da ya rage littattafan makarantar nan ba gara ba ce kaɗai. Yaro ya ari littafi, a rubuta sunansa a rajista da gaggawa, shafin ya yage ko malamin ya samu sauyin wurin aiki, shi ke nan an rabu da littafin. Don haka muka sayi sikana ta hannu, irin wadda ake gani a manyan kantuna ana haska ta a kan layukan baƙi da fari na jikin kaya, wato bakod. Mun zaɓi mai waya, wadda ake sokawa a ramin USB, saboda ba ta buƙatar caji kuma ba ta barin tebur. Mun kuma zaɓi mai kyamara a kan mai jan hasken leza. Ta leza tana da ɗan madubi mai motsi a ciki, ba ta karanta lambar QR, ba ta kuma karanta lamba daga fuskar wayar hannu. Mai kyamara tana yin duk wannan.

Akwai abin da muke so kowa ya riƙe game da na'urar nan: ba ta san littafi ba, ba ta san ɗalibi ba. Kwamfuta tana ɗaukar ta ne a matsayin kibod. In ta karanta bakod, sai ta buga lambobin a duk inda alamar rubutu take tsaye, kamar mutum ne ya buga da yatsa. Shi ya sa ba a ɗora mata wata manhaja, shi ya sa kuma gwajin farko a Notepad ake yin sa: a buɗe farar takarda, a haska, a ga abin da ya fito.

Abin da ya fito mana ba lamba ba ne. Inda muke jiran 978 sai muka ga çè_. Kwamfutar kyauta ce daga ɗan uwanmu da ke kasuwanci a Maraɗi, Allah ya saka masa da alheri, kuma kibod ɗinta na Faransanci ne. A irin wannan kibod, layin saman da muka saba samun lambobi haruffa da alamomi yake bayarwa, sai an danne Shift lambar take fita. Sikanar kuwa daga kamfani an saita ta a kan kibod na Amurka. Maganin yana cikin ɗan littafin da ya zo a kwalinta. Na'urar ba ta da maɓallan saiti, ana saita ta ne ta hanyar haska wasu bakod da aka buga a littafin, kowanne da umarninsa. Muka fara da wanda yake mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, sai na kibod ɗin USB, sai na Faransanci, nan take lambobi suka fito daidai. Duk ranar da aka kai ta kan kwamfuta mai kibod na Turanci, sai an haska na Amurka kafin a fara aiki.

Daga nan muka sa mata umarnin danna Enter bayan kowace lamba, don kada lambobi su haɗe a layi ɗaya. Muka rage ƙarar kukanta, tunda ɗakin karatu ne. Muka kuma bar ta a kan sai an ja kunamarta take haskawa, domin in aka bar ta tana karantawa da kanta, duk littafin da aka ajiye a gabanta sai ta shigar da shi.

An yi muhawara mai tsawo a kwamiti kan wace lamba za a riƙa karantawa. Wasu sun ce tunda littattafai da yawa suna da bakod a bayansu, a yi amfani da shi a huta. Wannan bakod lambar ISBN ce, wato lambar shaidar littafi ta duniya, mai lambobi 13 tun daga shekarar 2007, kafin nan 10 ce. Tana farawa da 978 ko 979, kuma littafin da aka yi wa rajista a Najeriya za ku ga 978 sau biyu a jere, Ɗakin Karatu na Ƙasa ne yake bayar da ita. Amma lambar ta bugun littafin ce gaba ɗaya. Kwafi ashirin na littafin lissafi ɗaya lambarsu ɗaya, to ta yaya za a san wanne ne a hannun wane? Ga shi kuma littattafan Hausa da yawa da ake bugawa a Kano, da tsofaffin littattafan Larabci da muka gada, ba su da ita sam. Wannan hujja ce ta yi rinjaye, kuma muna ganin ita ce daidai: kowane kwafi ya samu lambarsa ta kansa, kowane ɗalibi ma ya samu kati mai tasa. Mun buga su da tsarin Code 128, wanda yake ɗaukar haruffa da lambobi tare, muka sa L a gaban na littafi, D a gaban na ɗalibi, don kada a rikita su.

Bayan an gama shigar da littattafai, sai muka kashe karanta EAN-13 a cikin sikanar, wato tsarin da ake buga ISBN da shi. Yanzu ko mai kula da ɗaki ya haska bakod ɗin mawallafa bisa kuskure, ba za ta amsa ba, tamu kaɗai take gani.

Takardar mannawa ma an yi tunani a kanta. Ba mu yarda da irin takardar rasitin POS ba, kowa ya ga yadda rubutunta yake gogewa in ta sha zafi, bazara ɗaya ta ishe ta. Mun buga a takardar sitika da firinta mai hoda, muka rufe da farar salatif. An bar fili fari a dama da hagu na kowane bakod, don in babu shi na'urar ba ta gane inda lamba ta fara. In salatif yana ƙyalli, sai a ɗan karkata sikanar maimakon a tsayar da ita tsaye.

Rajistar a Excel take yanzu. Wanda zai ƙara shafi ya fara mayar da ginshiƙin lamba zuwa Text, in ba haka ba Excel yana zubar da sifilin farko, doguwar lamba kuma ya nuna ta kamar 9.78E+12. Ana kwafe rajistar a filasha duk Juma'a, filashar tana ofishin shugaban makaranta. Mun koya wa mai kula da ɗaki da malaman da makaranta ta ba mu yadda ake ba da aro da karɓa: katin ɗalibi da farko, littafi na biye. Ɗaliban da suka taya mu manna lambobi sun cancanci godiyar ƙungiya, aiki ne mai cin ido kuma sun yi shi da natsuwa.

Bakod ɗin saiti da muka yi amfani da su mun kwafe su a takarda ɗaya bisa jerin da za a bi, an yi mata leda, tana cikin durowar tebur tare da ƙyallen goge gilashin sikanar. Lokacin hunturu a riƙa goge shi kullum da safe.

Abu biyu muke miƙa wa taro ya yanke. Littattafan Larabci an manna musu lamba, amma ba a shigar da sunayensu ba, muna roƙon a haɗa mu da malamin Arabiyya ya zauna da mai kula da ɗaki. Sannan in littattafai suka ƙaru Excel zai yi kaɗan, shawararmu ita ce a koma manhajar kula da ɗakin karatu mai suna Koha, wadda kyauta ce kuma jami'o'i da dama a ƙasar nan suna aiki da ita. Sikanar da lambobin da aka manna za su yi aiki da ita ba tare da an sake komai ba. Makullan ɗakin mun miƙa su ga shugaban makaranta.

Wassalamu alaikum.

Sakataren kwamiti, a madadin sauran 'yan kwamiti