Ruwan kwatarmu na iya mayar da namijin kifi mata-maza

Edita,

Ina neman ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a birnin Accra, kuma a Nima aka yanke mini cibiya, kusa da babbar kwatar da ke kai ruwa kogin Odaw, daga nan ya bi tafkin Korle ya shiga teku. Mahaifiyata ta yi shekaru tana soya kifi a ƙofar gida. Har yau ina tuna ta tsugune gaban baho, ta tsaga cikin kifi da wuƙa, ta zaro jakar ƙwai rawaya ta ce, "Wannan mace ce." Mu yara mu yi ta rububin wanda za a soya wa.

Yanzu a wasu gaɓoɓin teku wannan shaida ta Inna ta fara rikicewa. Tun shekarun 1990 masana a Ingila suka tarar da mazan kifi, a inda kogunan Tyne da Mersey ke shiga teku, jininsu ɗauke da sinadarin gwaiduwar ƙwai, wanda hantar mace ce ya kamata ta yi shi. A gaɓar yankin Basque na Sifaniya, kusa da Gernika, an yanka mazan kifi aka ga ƙananan ƙwayaye sun tsiro a cikin marainansu.

Musabbabin shi ne homon ɗin mata da ake kira istrojin, da sinadaran da ke kwaikwayonsa. Yana fita a fitsarin mutane da na dabbobi, akwai na ƙwayar tazarar haihuwa, akwai kuma masu fitowa daga robobi da wasu sabulan masana'antu. A nan ina roƙon 'yan'uwana maza, kada wani ya ɗauki maganar nan ya je ya tsare matarsa da ita. Laifin na ruwan da muke sakewa ba tare da tacewa ba ne, kuma duk gidan da ke da makewayi yana da hannu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙanƙantar adadin. A lardin Ontario na Kanada, masaniyar kimiyya Karen Kidd da abokan aikinta sun riƙa zuba irin homon na ƙwayar a wani tafkin gwaji daga 2001 zuwa 2003, kimanin giram ɗaya cikin lita miliyan 200. Hanci bai ji wari ba, ido bai ga ƙura ba, amma wani ƙaramin kifi ya kusa ƙarewa ƙaƙaf saboda ya kasa hayayyafa. Da na faɗa wa ɗalibaina, aji ya yi tsit, sai wata yarinya da mahaifinta ke fita su daga James Town ta ce, "Malam, to mu da ba a auna abin da muke zubawa fa?"

Tambayarta ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na ga tankoki da idona suna juye kashi a teku a Lavender Hill, a nan gaɓar Accra, kafin a gina matatar ƙazanta da ke wurin yanzu. An yi ƙoƙari, amma kwatocin unguwanni har gobe suna kwarara, kuma matata ta gama-gari ma ba ta cire waɗannan sinadarai duka. Shi ya sa Siwizalan ta yi doka, wadda ta fara aiki a 2016, a ƙara wa manyan matatunta tacewa da iskar ozon ko gawayi na musamman.

Masuntanmu na kukan koma na dawowa ba nauyi, ana ta ɗora laifin kan yawan kamu, kuma da gaskiya a ciki. Ina kira ga masanan kifi na jami'ar Legon, da takwarorinsu na Legas, su ɗebi mazan kifi daga bakin Korle da tafkin Legas su auna jininsu, su fassara mana sakamakon da Hausa da Ga da Yarbanci, a karanta wa masunta da mata masu banda a rediyo.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Nima, Accra.