Masu rubuta tarukan waya, ku saurari sautin kafin ku yanke farashi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin jan hankalin matasan da suka fara karɓar aikin mayar da maganganun taron Zoom ko Google Meet zuwa rubutu. Akwai samu a ciki, musamman daga ƙungiyoyi masu zaman kansu da masu bincike, amma da yawa suna yanke kuɗi kamar na buga takarda a shagon kwamfuta, sai su tashi a tutar babu.

Ga lissafin. Sautin awa ɗaya, in ya fita tas, yana cin awa 4 zuwa 6 na zama, kuma yakan ba da kalmomi wajen 8,000. In kuwa mutum shida ne a layi, wani yana cikin mota, wani janareta na ruri a bayansa, awa 8 ma sai an yi da gaske. Shi ya sa ake yin ciniki a kan kowane minti na sauti, kuma ba a faɗin farashi sai an saurari minti biyar daga farko, tsakiya da ƙarshe. Farkon taro yaudara ne: shugaba ne kaɗai ke magana a tsanake, hayaniyar tana tsakiya. A karɓi rabin kuɗi kafin a fara.

Kayan aikin ba su da yawa: kwamfuta, abin sauraro mai rufe kunne, da manhaja irin oTranscribe ko Express Scribe, wadda ke ba da damar rage gudun magana da komawa baya ba tare da hannu ya bar madannai ba. Manhajar gyaran sauti ta Audacity na rage ƙugin janareta, sai dai in aka matsa mata, murya takan koma kamar daga cikin rijiya.

Gyara mafi araha kafin taro ake yin sa. A roƙi mai shirya taron ya kunna zaɓin Zoom da ke ɗaukar muryar kowa a fayil dabam, kuma kowa ya faɗi sunansa kafin ya yi magana.

A kuma daidaita tun farko: kalma da kalma ake so, har da «eh» da «to», ko tsaftataccen rubutu? Inda magana ta shige, a rubuta «ba a ji ba» tare da lokacin, misali 00:14:32. Kada a yi hasashe, musamman a kan kuɗi, domin miliyan da biliyan kusan ɗaya suke a layi mara kyau. Haruffa masu lanƙwasa ma haka: «kasa» dabam, «ƙasa» dabam. In an cakuɗa Hausa da Turanci, a rubuta yadda aka faɗa. Fassara wani aiki ne da kuɗinsa. A irin wannan cakuɗar ne manhajojin da ke rubutu da kansu suke tuntuɓe, don haka sai an bi abin da suka fitar layi-layi da kunne.

Sai sirri. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafi sunaye da muryoyin da ke cikin fayil ɗin. Kada a ɗora shi a wani shafin intanet ba da izinin mai shi ba, kuma a goge shi da zarar an miƙa aiki, an amince da shi.

Naku,
Wasu masu wannan sana'a, Kano