Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zazzau Kan Cunkoson Makwancin Almajirai

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmad Nuhu Bamalli,
ta hannun mai unguwarmu da hakiminmu.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Mu iyaye ne da malaman tsangaya daga cikin ganuwar birnin Zariya. Hunturu ya fara ja baya, bazara na ƙaratowa, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san baƙon da ke biyo ƙura da zafi: sanƙarau. Ba mu manta 1996 ba, shekarar da cutar ta ci rayuka fiye da 11,000 a Nijeriya, akasarinsu a Arewa. A 2017 ma ta yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato.

Ranka ya daɗe, ba kulle muke roƙo ba. Mun ɗanɗana shi a 2020 lokacin korona, kasuwa a rufe, masallaci a rufe, mai neman na yau da gobe yana zaune gida da yunwa. Shi ya sa har yau da an ce "a ba da tazara" sai mutane su haɗe rai. Abin da ya kawo mu bai kai wannan ba.

Akwai wani zaure a unguwarmu mai taga ɗaya, ita ma an toshe ta da kwali tun shigowar sanyi. Yara sun haura talatin suke kwana a ciki, kan wannan a kan cinyar wancan, babu wurin juyi. In aka buɗe ƙofa da asuba, hucin da ke fitowa sai ka ja da baya. Bara aka wayi gari ɗaya daga cikinsu ya kasa sunkuyar da kai ya duba allonsa. Wuya ya sanƙare, jiki zafi rau, ga amai. Allah ya sa an garzaya da shi asibiti ya rayu, amma kunnensa ɗaya ya daina ji. Ba mu ga laifin malamin ba, ɗakin ke nan da Allah ya hore masa.

Ma'aikatan lafiya sun ce ƙwayar cutar tana bin tari da atishawa da yawu, kuma mutum yana iya ɗauke da ita a maƙogwaro yana yawonsa lafiya lau. Ga numfashi a haɗe dare guda, ga moɗa ɗaya a bakin randa. Ƙyanda da mashaƙo da tarin fuka ma cunkoso irin wannan suke so.

Muna roƙon Sarki ya umarci masu unguwanni su zagaya makarantun allo kafin zafi ya tsananta, su ga makwancin yara da idonsu. Inda ɗaki ya yi kaɗan, a kafa rumfa a fili, a bar ko taku biyu tsakanin tabarma da tabarma, a haɗa da gidan sauro. Masu hali da ke da soraye a kulle su ara na wata uku. In maganar ta fito daga fada, babu mai ƙi.

Sai batun dubiya, wanda ya fi mana nauyi. Ibada ce, ba ma so a daina. Amma mata goma a ƙuryar ɗakin mai zazzaɓi, wasu da goyo, wannan kai cuta gida ne. Manzon Allah (SAW) ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita. Limaman Juma'a su tunatar: a yi sallama daga bakin ƙofa, a yi addu'a, a bar yara a gida.

Muna kuma roƙon Sarki ya sa baki ga ƙaramar hukuma. A 2024 Nijeriya ce ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na sanƙarau. In ta iso mu, a yi ta a fili unguwa-unguwa, kada a tara mu a benci ɗaya da masu tari.

Mun rubuta jerin zaurukan da suka fi cunkoso a unguwarmu, yana hannun mai unguwa. Duk ranar da fada ta neme mu, za mu zo.

Allah ya taimaki Sarki.

Mu ne talakawanka,
iyaye da malaman tsangaya, birnin Zariya.